Gafakar da Ruwan Agusta Ya Tono

Ruwan da aka kwana ana yi wata Laraba cikin Agusta shi ya kayar da rabin soron bayan gidanmu na gado a cikin birni, can wajen Ƙofar Kona. Ginin ƙasa ne, shekara uku ana cewa za a yaɓe shi, kowa na jiran wani ya fara sa hannu a aljihu. Da asuba ƙanena ya bugo mini waya ina gida a Tudun Wada, ya ce ba wanda ya yi ko ƙwarzane, amma in zo, azara ta danne adakar Malam, Baffa kuma ya ce kada wanda ya taɓa sai manya sun hallara.

Malam shi ne kakan babana. A gidanmu ba a kiran sunansa, in an ce Malam an gama magana. Adakar tasa tun muna yara muka san ta, baƙa mai ƙarfe a kusurwoyi, an ɗora ta bisa duwatsu huɗu saboda gara, an kuma gaya mana duk yaron da ya buɗe zai makance. Labarinsa da muka tashi da shi mai daɗin ji ne: babban malami, wanda Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi kan aiko a kira in mas'ala ta gagari fada, har aljanu na zuwa ɗaukar karatu wurinsa bayan lisha. Na sha cika wa yara baki da wannan a firamare.

Da muka janye azarar muka buɗe, gafaka uku muka tarar. Biyu ruwa bai kai gare su sosai ba. Ta ukun ta sha ta kumbura kamar burodin da ya faɗa cikin shayi, ga warin tsohuwar fata haɗe da na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baffa ya juya ta ya ce wannan kam ta tashi aiki, tunda akwai sunan Allah a ciki a haƙa rami a wuri mai tsarki a binne, yadda aka saba. Sai na ji bakina ya ce a ba ni mako guda. Ni ba malami ba ne. Kayan gini nake sayarwa a Sabon Gari, karatun allona a izu goma ya tsaya boko ya ɗauke ni, rabona da rubutun warshu kuwa ya fi shekara talatin. Baffa ya dube ni ya ce, "To ɗauki, amma da alwala."

Abin da na fara yi shi ne abin da bai kamata a yi ba. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na baza takardun a rana kamar mai shanyar barkono. Kafin azahar wasu sun nannaɗe, wasu sun bushe ƙayau har gefensu na karyewa, sannan iskar hadari ta taso ta kwashe su, ni da yara muna bi muna tsinta har bakin rariya. Littattafan mutanen da ba ɗinke suke ba, warwara ce, ganye bisa ganye a tsakanin tadarishi, wato bango biyu masu tauri, kuma babu lambar shafi. Cikin minti biyar na yamutsa jerin da ya shekara ɗari a zaune. Washegari na kwashi wasu na kai shagon fotokofi, mai shagon ya ce zai manne mini su cikin leda mai zafi, ba abin da zai sake samun su har abada. Har mun yi ciniki, sai aka ɗauke wuta.

Da yamma wani mai sayen siminti a wurina, ma'aikaci a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ga ledar a kan tebur ya tambaya. Da na ba shi labari ya riƙe kai. Ya ce in gode wa Allah da aka ɗauke wutar nan, in kuma shirya ranar Litinin ya kai ni Samaru.

A sashen tarihi na jami'ar akwai wani shiri na binciken tarihin Arewa da aka kafa tun shekarun 1960, zamanin Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya riƙa bin gidajen malamai ana tattara tsofaffin rubuce-rubuce, wasu a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Shekarata arba'in da biyar a garin nan, na wuce ƙofar jami'ar ba adadi, ban taɓa jin labarinsa ba. Wani dattijo da ke aiki da irin waɗannan takardu ya karɓe mu. Bai fara da karantawa ba. Ganye ɗaya ya zaro a hankali ya ɗaga shi saitin taga, ya ce in matso. A cikin jikin takardar, ba da tawada ba, sai ga jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Ya ce wannan tambarin masu yin takarda ne na ƙasar Italiya, daga can ake kawo ta Tarabulus, raƙuma su ƙetaro Sahara da ita zuwa Kano, fatake su iso da ita Zazzau. Na tsaya ina kallon watannin nan uku. Abin da na baza a rana kamar barkono ya yi tafiyar da ni ban taɓa yin rabinta ba.

Ya nuna mini bambancin tawada. Ta gawayi da ƙaro, irin ta allo, ita ce ruwa ya wanke, ba kuma yadda za a yi ta dawo. Wadda ta tsira ta bagaruwa ce da kashin maƙera, ba ta jin ruwa, sai dai tana da nata aibin, da daɗewa takan ci takardar, shi ya sa wasu baƙaƙen suka zama ƙofofi. Sannan ya ɗora yatsa a ƙasan shafi ta hagu, inda wata kalma take zaune ita kaɗai. Ya ce da wannan kalmar ganye na gaba zai fara, da ita zan mayar da jerin da iska ta yamutsa. Ya yi mini kashedi: ba rana, ba leda, ba salatif, ba roba, ba yawu a yatsa. A shanya a inuwa, a sa farar takarda tsakanin masu danshi ana canzawa, a share ƙura da burushi mai laushi, a ɗauki hoton kowane shafi da waya ba tare da kunna fitilarta ba, gaba da baya, har wanda ba a rubuta komai a kansa ba.

Na tambaye shi abin da ya kawo ni. Na ce, ranka ya daɗe, wane littafi ne Malam ya wallafa? Ya ɗan jujjuya ganyayen ya ce wannan Risala ce, wannan Ishiriniya, waɗannan kuma ƙananan littattafan farawa ne da kowane almajirin zaure ya sani. Irinsu suna nan da yawa a kowane tsohon gidan malamai. Ya ga fuskata ta canza. Ya ce, "Alhaji, tsakiyar shafi ta kowa ce. Ka je ka duba gefe, ka duba ƙarshe."

Mako shida na yi ina jeri. In na rufe shago na ci tuwo, sai in yi alwala in kunna fitilar caji in zauna a ƙasa. Daren farko ganye huɗu kawai na haɗa. Idona ya saba da bugun Alƙur'ani na zamani, a rubutun mutanenmu na da kuwa fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙa kuma ɗigo ɗaya ne a sama. Saboda haka duk inda ya rubuta "ƙasa" ni "fasa" nake karantawa, ina ta mamakin me mutumin nan yake ta fasawa. A ajaminsa ɗa da ɗamisa hannu ake rubuta ta, ga da angai, ca kuma da baƙin nan mai ɗigo uku a sama. Sannu a hankali na fara gane hannunsa kamar yadda ake gane tafiyar mutum daga nesa. Yana jan wutsiyar nun ta yi zurfi har ta shiga layin ƙasa. In alƙalami ya fara dakushewa ba ya tsayawa ya fere, sai rubutun ya yi ta kauri har ƙarshen shafi. A wani wuri ya tsallake layi guda, ya dawo ya cusa shi a gefe a karkace. A wani wurin kuma akwai shatar babban yatsa, tawada ta taɓa shi ya dafa takardar. Na ɗora nawa a kusa, ban taɓa ba. Nasa ya fi nawa siriri.

Da jeri ya kammala, ganye goma sha ɗaya ne babu, ko gara ko iskar ranar nan. Larabcin gefe ya fi ƙarfina, sai na nemi wani tsohon malami a Unguwar Juma, unguwar da aka san ta da karatu tun kafin zuwan Turawa. Bayan la'asar nake zuwa, in jira masu ɗaukar karatu su ragu, in miƙa ganye. Ya kan kawo shi dab da hanci, ya karanta a hankali yana fassarawa.

Da ƙarshen Risalar muka fara. Bayan hamdala da salati, marubucin ya ambaci sunansa da na mahaifinsa, na Malam ne ba shakka, ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa. Sai kuma ya ambaci mai littafin, wani suna dabam da ba na gidanmu ba. Na ce, Allah gafarta Malam, ban gane ba. Ya ce abin a fili yake: kakanka marubuci ne, ana ba shi takarda da lada ya kwafa wa mutane. Muka duba Ishiriniyar, haka. Ƙananan ma haka, kowanne da mai shi. Na ce to me ya sa suke gidanmu? Ya juya bayan ganyen ƙarshe ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ajami aka rubuta, ƙanana: an ba da wuri dubu biyu, saura dubu uku. A ƙasa kuma, da wata tawadar, alamar an daɗe tsakani: har yanzu bai kawo ba.

Ni ma dariyar na yi, amma tawa ta daban ce. A durowar shagona akwai wani littafi mai baƙin bango, shafi bayan shafi, wane buhu goma ya ba da rabi, wane kwano bandir biyu zai kawo ƙarshen wata. Na san zaman da mutum yake yi ya buɗe shafin ya ƙara rubuta "har yanzu". Duk shekarun da ake ba ni labarin aljanu ban taɓa jin Malam jinina ne ba sai a kan wannan saura dubu ukun. A wani gefen ma ya rubuta cewa ya jinginar da "rigana" wurin wani marini. Rigana, ba rigata ba. Zazzagancin da abokaina Kanawa suke tsokanata da shi a kasuwa, ga shi nan da tawadar bagaruwa.

Baffa bai ji daɗin wannan ba. Ya ce takarda ba ta san komai ba, shi daga bakin manya ya ji, kuma babban malami ma yakan yi rubutu. Ban ja da shi ba. Mai yiwuwa Malam ya yi karatu mai zurfi, wanda ya kwafi Risala da hannunsa ba jahili ba ne. Ni dai a ganyayen nan ban ga fada ba, ban ga Sarki ba. Na je Kaduna ma sau ɗaya, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, na nemi fayilolin lardin Zariya na zamanin Turawa ko zan ga sunansa. Takardun kimanta haraji ne, an ƙirga maza da mata da awaki da rijiyoyin rini, unguwa-unguwa. Yana cikin ƙirgen, amma a matsayin lamba.

Shekarun su suka fi ba ni wahala. Ba da lambobi yake rubuta su ba, da ramzi ne, wato a haɗa baƙaƙe kowanne da adadinsa. Wani ramzi ya ƙunshi ha da kaf da sin da shin. Na duba lissafin baƙaƙe a waya na tara, na samu 388, na je da murna ina cewa takardarmu ta shekara dubu. Malamin ya ce lissafin mutanen gabas na ɗauko. A namu na Magariba, wanda malaman ƙasar nan suke bi, shin dubu ce, sin ɗari uku, kaf ashirin, ha takwas: 1328 bayan hijira. Don a mayar da ita ta Turawa sai a cire uku cikin kowane ɗari a ƙara 622, ta ba da 1910.

Wannan ramzin a wani ganye yake shi kaɗai, wanda aka cusa a bayan Ishiriniyar, kuma hannun da ya fara rubutu a kansa ba na Malam ba ne. Hannun tsoho ne mai rawa, malamin ya ce ga alama mahaifinsa. Ya rubuta cewa an haifa wa ɗansa 'ya mace a watan Jimada Ula, a kwanakin da tauraruwa mai wutsiya take fitowa, ya raɗa mata suna kaza. Na duba daga baya, Jimada Ula ta 1328 ta faɗo cikin Mayun 1910, lokacin da tauraruwar Halley ta bayyana duniya duka ta gani. A ƙasa sai hannun Malam ya karɓa. Haihuwar ɗa namiji a 1329, shekarar da jirgin ƙasa ya iso, wato 1911 da aka kawo layin dogo daga Baro ya ratsa Zariya zuwa Kano. Wannan kakana ne, ya rubuta sunansa ɓaro-ɓaro.

Layi na uku gajere ne. Sha'aban 1332, wato 1914. A makaranta an koya mana 1914 ita ce shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. A ƙasar Hausa shekarar yunwa ce, wadda ake kira Kakalaba, bayan damina ta ƙi a 1913, Sha'aban ɗin kuwa ya zo ne tsakanin Yuni da Yuli, lokacin da rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba. Malam ya rubuta cewa hatsi ya yi tsada, baƙi daga arewa sun cika gari. Sai ya ce: yarinyar ta rasu daren Alhamis, Allah ya sa mai ceto ce.

Malamin ya sauke ganyen daga fuskarsa. Na ce bai faɗi sunanta ba. Ya ce, "Ina zai faɗa? 'Yar fari ce." Kunyar ɗan fari da muka sani, uba ba ya kiran sunansa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ashe har a takardar da ba mai gani sai shi bai iya rubutawa ba. Shekararta huɗu. Ba wanda ya taɓa gaya mini kakana yana da ya. Na tambayi Baffa, shi ma bai sani ba.

Amma sunan da tsohon ya rubuta a layin farko na san shi. Sunan Gwaggo ne, yayar babana, wadda ta haura tamanin, ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga Malam da idonsu, don ya kai zamanin Sarki Ja'afaru kafin ya rasu. Na sha tambayarta labarinsa tana kaucewa. Ranar wata Asabar na sa ganyen tsakanin kwali biyu na tafi ɗakinta. Na same ta a bakin gado tana jan carbi, rediyo na magana ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Gwaggo, wai Malam wane irin mutum ne?"

Ta ce, "Kai dai ba ka gajiya. Mutum ne mai shiru. Ni dai ba ya sona."

Na ce kamar yaya. Ta ce duk jikokinsa yana kiran su da suna, yana tsokanar matan da amarya kamar yadda kakanni suke yi, ita kuwa bai taɓa ba. In ta kai masa fura zaure sai ya ce "ke, ajiye nan", kansa a sunkuye. In ya dawo daga masallacin Juma'a yakan ba ta dabino, amma sai ya miƙo yana kallon wani wajen. Ta ce ta taɓa yin kuka ta gaya wa innarta, aka ce ta yi shiru, ba a tambayar irin wannan.

Na buɗe kwalin. Na karanta mata layin farko da tauraruwar da sunan. Ta ce ai sunanta ke nan. Na ce ba ke ba ce, Gwaggo, wannan shekara talatin kafin a haife ki. Na karanta na biyu, ta ce Allah ya jiƙan Baba. Na karanta na uku.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Ta miƙa hannu ta kashe rediyon. Can ta ce in nuna mata inda sunan yake. Gwaggo ba ta karatu, idon ma ya yi rauni, amma na kama yatsanta na kai shi kusa da wurin. Dokar dattijon Samaru ta faɗo mini, ban da taɓawa, na bar ta ta taɓa. Ta ce in nuna mata inda ya ce yarinyar. Na nuna. Ta bi layin da yatsa daga dama zuwa hagu, ta dawo ta sake bi.

"Daren Alhamis ka ce?"

Na ce haka ya rubuta.

Ta ɗaga gefen katifa ta zaro wani ƙullin ɗankwali, ta kwance, ta ƙirgo kuɗi ta miƙo mini. Na ce ta bar shi zan yi, ta ce ba ni ta aika in biya ba. Ta ce in sayo gero mudu biyar da nono, a dama fura ranar Alhamis da yamma, a kira almajiran makarantar ƙofar gida. Na tashi zan fita, ta ce in bar mata kwalin ya kwana a ɗakinta, gobe in zo in ɗauka.